IN ƘARAMI YA KARƁE MAKA ABOKIN CINIKI

Ya mai karatu, wannan darasi dominka ne in kai mai rubuta manhajar kwamfuta ne, kana cin gashin kanka, ba ka ƙarƙashin wani kamfani. Ko da sana'arka dabam ce, ka karanta, gama abin da za mu faɗa ya shafi tela da magini da makaniki.

Bari mu fara da misali. A ce akwai wani ɗan kasuwa a Maraɗi mai sayar da siminti da kwano da ƙarfen gini. Shekara 6 ke nan da ka rubuta masa manhajar da ke riƙe lissafin kayansa da na bashin da ya ke bin mutane. Ka kuma yi masa shafi a intanet. Kowane wata ya kan ba ka jika 60 domin ka kula da su. Da kuɗin nan ka ke biyan haya, da shi ka ke sayen hatsi. Ran nan sai ya aika a kira ka. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, sai ka yi haƙuri. Akwai yaron wani abokina, bara ya gama karatu. Ya ce zai riƙe mini aikin nan a jika 20."

Me za ka ce masa? Zuciyarka ta yi zafi. Ka tuna daren da ka tashi ƙarfe 2 domin lissafinsa ya tsaya. Ka tuna ranar salla da ka bar iyalinka ka tafi kantinsa. Yanzu ga shi an sallame ka da magana ɗaya.

Kada ka amsa da sauri. Akwai abu biyar da ya kamata ka sani, za mu bi su ɗaya ɗaya.

1. ME YA SA YA TAFI?

Da fari za ka so ka ce butulu ne. Ka dakata tukuna, ka zauna a kujerarsa, ka yi lissafi yadda shi ya yi. Jika 60 sau 12, jika 720 ke nan a shekara. Jika 20 sau 12, jika 240. Tsakaninsu akwai jika 480. Wane ɗan kasuwa ne zai ga wannan bambanci bai tsaya ya yi tunani ba?

To, me ya ke gani da idonsa a bakin kuɗin nan? Jiya ya buɗe kwamfuta, ta yi aiki. Yau ya buɗe, ta yi aiki. Shi ke nan abin da ya gani. Aikinka kamar na mai gadi ne. In mai gadi ya tsare gida da kyau har shekara 6 ɓarawo bai shiga ba, maigida ya kan fara cewa, "Unguwan nan ai ba ɓarayi, don me ni ke biyan mai gadi?" Yawan kyaun aikinka shi ya ɓoye ka.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina tsagar bangonka? Ka tambayi kanka: yaushe rabon da ka zauna da mutumin nan ka gaya masa abin da ka yi masa a wata? In takardar neman kuɗi kaɗai ya ke gani daga wurinka, to, shirunka shi ne tsagar.

Ka sani kuma kasuwa ta sake. A shekara ta 2003 aka fito da WordPress, wadda ta sa mutum ya iya kafa shafi ba tare da ya rubuta kome daga tushe ba. A 2010 aka buɗe Fiverr, inda aka fara sayar da ƙananan ayyuka a kan dalar Amurka 5. A 2015 Upwork ta bayyana da wannan suna, inda mai neman ma'aikaci ya ke ganin farashin mutanen ƙasashe da yawa a jere. A 2021 aka nuna GitHub Copilot, a ƙarshen 2022 kuma ChatGPT ta fito. Da irin waɗannan kayan aiki, yaro mai ƙwazo ya kan haɗa cikin 'yan kwanaki abin da a dā sai an yi makonni. Wannan ba laifinsa ba ne. Shi ma abinci ya ke nema. Ka tuna yadda kai ka sami abokin cinikinka na fari. Ashe, ba da araha ka same shi ba? Watakila a ran nan wani babba ya koma gida da ɓacin rai sabili da kai.

2. AIKIN DA BA A GANI

Yanzu bari mu duba abin da mutumin nan ya ke biya bai sani ba. Tilas kai ka san shi sarai, gama in ba ka iya faɗarsa ba, ba wanda zai faɗa a madadinka.

A shekara ta 1975 wani Ba'amurke mai suna Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta littafi a kan wannan sana'a. A ciki ya nuna rubuta manhajar da ke aiki a hannun mai ita abu ɗaya ne. Mai da ita abin da waɗansu za su dogara a kai, an gwada ta, an rubuta bayaninta, ta kuma dace da sauran manhajoji, wannan ya kan ci wajen ninki 9 na wahalar farko. A 2002 kuma wani masani, Robert Glass, ya rubuta cewa kula da manhaja bayan an gama ta ya kan cinye kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na dukan kuɗin da za a kashe mata. Watau ginin shi ne ƙaramin rabo. Yaɓe da gyaran rufi kowace damina su ne babban rabo.

Me ya sa haka? Domin manhaja ba ta tsaye ita kaɗai. An ɗora ta bisa waɗansu manhajoji da mutane dabam suka rubuta, su kuwa kullum suna sakewa. Ga misalai.

A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da shafuka masu ɗimbin yawa ke amfani da ita domin ɓoye sirrin masu shiga. Ta wannan ɓaraka ɓarawo yana iya kwasar kalmomin sirri. A watan Disamba na 2021 aka sake gano wata babba a cikin Log4j, masu sana'a a duniya duka suka kwana suna toshewa. Wanda ya ke da mai kula, an toshe masa yana barci. Bai ma ji labari ba.

Harsunan da a ke rubuta manhaja da su kuma suna tsufa. An daina kula da Python 2 a farkon 2020. An daina fitar da gyaran tsaro na PHP 7.4 a watan Nuwamba na 2022. Shafin da aka bari a kan tsohon harshe yana nan yana aiki, amma kamar ɗaki ne da gara ta ci azararsa. Daga waje ba a ganin kome.

A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a ma'ajiyar kwamfutoci ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus. Waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a wani wuri dabam suka tashi da aikinsu. Waɗansu da ba su yi haka ba suka rasa bayanansu har abada. Ka yi tunanin ɗan kasuwan nan na Maraɗi in littafin bashinsa na shekara 6 ya ɓace a dare ɗaya. Wa zai zo da kansa ya ce, "Ga abin da ka ke bina"?

Wannan shi ne aikinka: toshe ɓaraka, sabunta abin da ya tsufa, ajiye kwafi a wuri na biyu, gwada kwafin a ga ko yana buɗuwa, biyan kuɗin sunan shafi kafin wa'adinsa ya cika. Duk wannan ba ya fitowa a fuskar kwamfuta.

Amma akwai wata gaskiya, ita kuwa ba ta da daɗin ji. Mutane da yawa su kan lallashi kansu su ce, "Bari dai, yaron nan zai ɓata kome, maigida zai dawo yana roƙona." Wani lokaci haka ya kan faru. Sabon hannu ya kan so ya rushe kome ya sake gini, wannan kuwa hatsari ne ko ga manya. Kamfanin Netscape ya bar tsohuwar manhajarsa ta shiga intanet a 1998 domin ya sake ta daga tushe, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen shekara ta 2000, kafin nan Microsoft ta riga ta cinye kasuwar. Duk da haka sau da yawa yaron ba ya faɗuwa. Ya kan yi tuntuɓe, ya koya, ya riƙe aikin. In ka zauna jiran faɗuwarsa, za ka ɓata watanni kana jiran abin da watakila ba zai zo ba.

Ka kuma gwada kanka da gaskiya. A shekarar farko aikin nan yana cin kwanakinka. A shekara ta 6 fa? Awa nawa ka ke ba shi a wata? In ya zama awa 3 ne, kana kuwa karɓar kuɗin dā, ba ka kawo masa wani sabon amfani ba, to, mutumin bai yi kuskuren lissafi ba. Wannan tambaya, kai kaɗai ka san amsarta.

3. KADA KA KARYA FARASHI DON TSORO

Gwaji na fari da zai zo maka shi ne ka ce, "To, Alhaji, ni ma na yarda da jika 20." Kada ka yi haka. Ga dalili biyu.

Na ɗaya, in ka sauko daga 60 zuwa 20 a zama ɗaya, aikin kuwa bai ragu ba, me ka gaya masa ke nan? Ka gaya masa shekara 6 kana cin jika 40 nasa a banza kowane wata. Daga ran nan ba zai ƙara gaskata farashinka ba.

Na biyu, ba za ka iya tsere da yaron a wannan fage ba. Watakila yana zaune gidan mahaifinsa, ba ya biyan haya, ba ya ciyad da kowa. Kai kuwa kana da iyali, da kuɗin wuta, da kuɗin intanet, da haraji. In ka bi shi zuwa 20, gobe wani zai zo da 15.

Abin da ya dace shi ne, in kuɗi ya ragu, aiki ya ragu tare da shi, a kuma faɗa a fili. Kana iya cewa, "Alhaji, na ji. Ga shawarata. Yaron ya riƙe aikin yau da kullum, watau sa sabon kaya, gyaran farashi, koya wa yaran kanti. Ni in riƙe tsaro da ajiyar kwafi, in duba aikin sau ɗaya a wata, a jika 20." Ta haka ya rage jika 20 kowane wata, yaron ya sami aiki da mai duba bayansa, kai kuma ba ka fita sarai ba.

Ka faɗi wannan sau ɗaya, a natse. In ya yarda, madalla. In ya ƙi, kuɗinsa ne, kantinsa ne. Kada ka tsorata shi da labarin masifa, kada ka ɓata sunan yaron. Ka yi masa godiya domin shekarun nan, ka shiga shirin miƙa aiki.

4. KA MIƘA AMANA CIKAKKIYA

A nan ne a ke sanin ko wane irin ma'aikaci ne kai. Mabuɗan dukiyar mutumin nan suna hannunka. Wata murya za ta ce maka, "Riƙe kalmar sirri ɗaya. Ɓoye bayani ɗaya. Bari su sha wuya kaɗan su san darajarka." Kada ka saurare ta. Lissafin kantin nasa ne, sunayen masu cin bashinsa nasa ne. An ba ka ajiya ne kawai. Banda haka, shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a gaban shari'a. Nijeriya ta kafa dokar laifuffukan intanet a 2015, Nijar kuma ta kafa tata a 2019. Ranar da aka sallame ka, izininka ya ƙare.

Ga abin da za ka miƙa. Ka rubuta su a takarda, ku biyu ku sa hannu:

(a) Dukan kalmomin sirri. Ka ba maigida da kansa, shi ya ba wanda ya ga dama. Ka ce a sake su a gabanka, domin in wani abu ya faru gobe kada a zarge ka.

(b) Sunan shafin. In da sunanka ka yi rajistarsa, ka mai da shi sunan maigida. Mutane da yawa sun rasa shafinsu domin sanarwar biya tana zuwa wurin wanda ya riga ya bar aiki.

(c) Rubutun asali na manhajar, bisa ga yadda kuka shirya tun farko. In ba ku rubuta kome a kai ba, ku zauna ku daidaita yanzu.

(d) Kwafin dukan bayanai na ranar ƙarshe, wanda ka gwada ka tabbata yana buɗuwa.

(e) Jerin abubuwan da a ke biya, da ranar da wa'adin kowane ya ke cika.

(f) Bayani na shafi biyu ko uku a kan wuraren da ke da hatsari, da abin da ka saba yi in sun ba da wahala.

In yana da sauran kuɗinka, ka rubuta shi a fili, ku sa ranar biya. In ya yi taurin kai, ka nemi dattijon da ya ke jin nauyinsa. Amma kada ka yi garkuwa da lissafin kantinsa.

Bayan wannan, ka ba yaron yamma ɗaya. Ku zauna, ka nuna masa inda ramuka su ke. Za ka ce, "Ni in koya wa wanda ya ƙwace mini abinci?" I, ka koya masa. Gari ɗaya ku ke, sana'a ɗaya ku ke yi, za ku daɗe kuna gamuwa. 'Yan kasuwa kuma suna hira da juna. Labarin yadda ka fita zai kai kunnen waɗanda ba su taɓa ganin aikinka ba, shi ne kuwa za su tuna ranar da su ke neman wanda za su ba mabuɗinsu.

In kuwa wata rana aka kira ka domin abu ya lalace, ka tafi. Kada ka ce, "Ai na faɗa." Ka duba, ka faɗi kuɗin gyara kafin ka taɓa kome, ka gyara, a biya ka.

5. KA SHAFA WA GEMUNKA RUWA

Watakila abin nan bai same ka ba tukuna. To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Ga abin da za ka fara tun wannan wata.

Na fari, ka sa aikinka ya ganu. Kowane ƙarshen wata ka ba abokin cinikinka takarda ɗaya, da harshen da ya ke ji, ba da kalmomin sana'a ba. Misali: "A wannan wata na ajiye kwafin lissafinka sau 30. Na gwada ɗaya, ya buɗu lafiya. Na toshe ɓaraka 2. Wa'adin sunan shafinka zai cika bayan wata 3." In ba mai son karatu ba ne, ka tafi ka gaya masa da baki, ko ka aika masa da murya ta WhatsApp. Minti 10 ne, amma su ne ke amsa tambayar da ya ke yi a zuci.

Na biyu, ku rubuta yarjejeniya. A sa abin da za ka yi, da abin da ba ya ciki, da mai rubutun asali, da cewa wanda zai janye ya ba da sanarwar wata 2. Zumunci ba ya hana takarda. Takarda ce ma ke tsare zumunci ranar da aka sami saɓani.

Na uku, kada abincin gidanka ya rataya ga mutum ɗaya. Ka duba kuɗin da ke shigo maka. In rabinsa daga hannu ɗaya ya ke fitowa, ka fara neman waɗansu tun kana da ƙarfi. Mai yunwa ba ya iya ciniki.

Na huɗu, ka san sana'ar abokin cinikinka. Rubuta manhaja yana ƙara araha kowace shekara. Amma wanda ya san yadda a ke ba da siminti bashi, da lokacin da kasuwar kwano ke tashi, da inda kaya su kan salwanta tsakanin sito da kanti, shawararsa ba ta araha. Ka riƙa zuwa da magana irin wannan: "Alhaji, lissafi ya nuna mutum 5 ne ke riƙe da rabin bashinka." Mai irin wannan magana ba a saurin sallamarsa.

Na biyar, in aiki ya yi maka yawa, kai da kanka ka ɗauki yaro. Ka ba shi ƙananan ayyuka, ka duba bayansa, ka biya shi hakkinsa. Ta haka za ka iya ba da farashi mai sauƙi ba tare da ka cuci kowa ba.

Ya mai karatu, rasa abokin ciniki na shekaru abu ne mai ciwo, ba mu ce ka yi kamar ba ka ji ba. Hayan wata mai zuwa yana jiranka. Amma jika 60 ɗin nan ne kaɗai suka tafi. Saninka yana nan, sunanka kuma yana hannunka har ranar da za ka miƙa mabuɗai. Ka miƙa su cikakku, sa'an nan ka koma wurin waɗanda suka rage maka, ka gaya musu abin da ka yi musu a wannan wata.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa ma'aikacin da ya fi kula da aikinsa ya kan zama wanda ba a ganin aikinsa?

2. Ka faɗi abu uku da mai kula da manhaja ya ke yi waɗanda ba sa fitowa a fuskar kwamfuta.

3. In ka sauke farashi ba ka rage aiki ba, me abokin cinikinka zai ɗauka game da shekarun baya?

4. Cikin abubuwa shida da a ke miƙawa, wanne ne ba ka shirya ba in yau aka sallame ka?

5. Ka ɗauki takarda, ka rubuta sunan babban abokin cinikinka. Kashi nawa na abincin gidanka ke fitowa daga hannunsa? Yaushe rabon da ka gaya masa abin da ka ke yi masa?